Baturen da Ya San Hanya

Ga kacici-kacici, in turanci bai cinye maka kai ba. Ɗaya jiki ba baki, ɗaya baki ba jiki. Ba su taɓa haɗuwa ba, kuma dukansu ƙasa ta rufe musu ido, amma kullum bayan la'asar tare suke fita aiki. Su wane ne? In ka kasa, ka ba ni gari.

To yanzu assalamu alaikum, Mai Sunan Malam.

Kada ka ce har yau ban iya sunanka ba. Sunan kakanka aka sa maka, ni kuwa duk zaman da muka yi bakina bai taɓa faɗarsa ba, ba a kanka zan fara ba. Muna nan lafiya. Gwiwata tana nan da halinta, akuyar nan mai ɓarna ta haifi biyu, albasar kawunka ta kama sosai tun da aka saki ruwan dam ɗin Watari. Yaya sanyin Ingila? An ce rana ma a can sai ta ga dama take fitowa, kamar ma'aikacin gwamnati.

Ɗan katin da ka aiko ya iso, ƙanƙani kamar farcen jariri. Maimunatu matar kawunka ta sa mini shi a waya. Ka ce finafinan ban dariya ne na da, marasa launi, irin waɗanda tsofaffin da kake kula da su a wurin aikinka suke kallo, wai ni ma tsohuwa ce, za su yi mini daɗi. Na gode da zagi. Jikokin mutane suna aiko da bargo da turare, nawa ya aiko mini Turawa suna faɗuwa. Wani ya faɗo daga tsani, wani ya faɗa kwandon wanki, wani keke ya kwashe shi har cikin shagon nama. Ashe mutanen da suka mulke mu ko tafiya ba su iya ba.

Amma akwai guda ɗaya da na tsaya a kansa. Wani ƙato ne mai tumbi da lema, shi ne alƙalin gasar kabewa a ƙauyensu. Kafin ya yi magana sai ya yi tari, ya ɗaga yatsa. Ya sa mutanen gari a baya, ya hau wani katako da aka gitta a kan kududdufin agwagi, sai ji kake tsundum, lema tana yawo a kan ruwa. Ina ganinsa na ajiye tsintar wake.

Tunda ba mai jin abin da suke faɗa, na kashe musu murya na ba su tawa. Yanzu bayan la'asar matan unguwa suna cika mini tsakar gida. Mu jingina wayar a jikin turmi, Bature ya motsa baki, ni in yi masa magana. In ya ɗaga yatsa sai in ce, “Ihim, ihim. Jama'a, a bi a hankali, ni na san hanya.” Sakinatu mai ƙosai ta yi dariya har ta zauna a kan tirenta.

Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ka karanta da haƙuri. Maimunatu za ta ɗauki hotonsa ta tura maka ran kasuwa, inda waya take kamawa. Kada ka ce mu yi magana ta baki, kai kullum sauri kake kamar wanda ya ɗora tukunya.

Na ga Ummu Salma a wurin suna, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Kawunka ya ce mahaifinta Malam Muntaka ya yarda a zo sa rana bayan an cire albasa. Yarinyar ta fi ƙarfinka, amma Allah yana ba wa mai rabo.

Kakarka,
Juwairiyya

*

Assalamu alaikum, Hajiya Kaka.

Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba, don haka ki gafarce ni in gaisuwar ta yi gajarta.

Kaka, me kika yi? Ummu Salma ta kira ni tana kuka. Ta ce an naɗi muryarki a waya, an haɗa da hoton Baturen nan, yanzu babu wayar da ba ya ciki daga garinmu har Kunci. Kowa yana cewa Malam Muntaka kike kwaikwayo: tarinsa, ɗaga yatsansa, har da “a bi a hankali” ɗin da yake faɗa in yana rabon ruwa a fadama. Ta ce ranar Talata yana tsallake magudanar ruwa santsi ya kwashe shi, ƙafarsa ɗaya ta shiga, sai wani daga cikin gonar tumatir ya ɗaga murya ya ce, “Ni na san hanya!” Fadama gaba ɗaya ta ɗauka. Mutumin da yake shugabancin manoman rani, wanda ko dagaci ba ya katse masa magana!

Ya aika wa Kawu cewa a dakata da maganar sa rana. Ya ce gidan da tsohuwarsu take mayar da surukinta abin wasan yara tun kafin a ɗaura aure, bai san abin da za su mayar da 'yarsa ba.

Ni don ki rage kaɗaici na aiko miki da katin nan, ba don ki buɗe gidan kallo ba. Don Allah ki cire shi daga wayar, ki sallami matan nan, ki sa Kawu ya raka ki ki ba Malam Muntaka haƙuri tun kafin abin ya fi haka. Shekara uku nake wanke tsofaffin wasu ina tara abin auren nan. Kada wasa ya rushe mini shi.

Kacici-kacicin kuwa, ki yi haƙuri, ba ni da kan da zan yi tunaninsa yanzu.

Jikanki,
Sama'ilu

*

Wa alaikumus salam, Alƙali.

Tunda ka yanke hukunci ba ka ji ta bakin wanda ake ƙara ba, ai ka wuce Mai Sunan Malam, ka zama alƙali. Gwiwata ta ji sauƙi, na gode, yanzu zuciyata ce take ciwo.

In cire, in sallama, in je in ba da haƙuri. Umarni uku a takarda ɗaya, daga yaron da na yi wa tsarki da hannun nan da nake rubutu da shi. Ko “Kaka, yaya aka yi?” babu. Tsofaffin Turawa kana lallashinsu su sha shayi, taka tsohuwar kana ba ta oda kamar kurtu.

To buɗe kunnenka. Ban ambaci sunan Muntaka ba, ko sau ɗaya. Ka sa a tura maka abin da aka naɗa ka saurara da kyau. Matan ne suka ce, “Wallahi Malam Muntaka ne!” ni kuwa na ce musu su kama bakinsu. Maimunatu ce ta naɗa ta tura wa ƙanwarta, wai ita kaɗai, ka san kuwa sirrin da aka ba wa ƙanwa kamar gishiri ne a ruwa. Na yi mata tatas, kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba. Wanda ya yi ihu a gonar tumatir kuma ba ni na haife shi ba.

Shi ma Muntakan ya ba ni mamaki. Mutum ya ga Bature mai tumbi ya faɗa ruwa, ya ce shi ne. Wa ya ce masa shi kaɗai Allah ya yi wa tari a duniya? Ina zaune aka zo aka gaya mana an haife shi, ni na daka wa uwarsa yajin jego. Yau shi ne ya wuce ƙofar gidana a kan babur ya kau da kai, har hularsa ta kusa faɗuwa don tsabar kau da kai.

Kawunka ya zo ya tsuguna, wai in yi don kai. Na ce masa haƙurin da za a bayar a kan laifin da ba a yi ba, ƙarya ce aka sa wa mayafi. In na je na ce na tuba, na tabbatar wa gari cewa da shi nake, har abada ya zama Baturen kududdufi. Wannan ne gyaran da kuke so?

Gaskiyar kuwa ba ta faɗuwa a zauren namiji. Wanda nake kwaikwayo ya fi Muntaka girma nesa ba kusa ba, shi kansa Muntaka in a gabansa ne sai ya cire takalmi. In na buɗe baki na faɗa masa ko wane ne, sai ya ce na ƙara masa zagi a kan zagi. Iyakar abin da zan ce ke nan. Da ka tsaya ka kwance kacici-kacicina, da ba ka rubuto mini wannan shirme ba.

Kati yana nan a waya. Mata kuwa na hana su zuwa, ba don kai ba, don Ummu Salma. Ni kaɗai nake kallona a ɗaki, in yi maganata a hankali.

Wadda aka yanke wa hukunci,
Juwairiyya

*

Assalamu alaikum, Hajiya Kaka.

Wannan ita ce takarda ta uku da na turo ba amsa. Maimunatu ta ce tana karanta miki, ke kuma ki ce ta ajiye. Ina fatan lafiya ce ta sa shirun, ba fushi kaɗai ba.

Na san ta farkon ta ƙara ɓata miki rai. Da na karanta cewa wanda kike kwaikwayo ya fi Malam Muntaka girma, har sai ya cire takalmi a gabansa, wallahi dagaci na ɗauka, shi ya sa na rubuto ina cewa kina so a kore mu daga gari. Na kira Kawu a gigice, shi kuma ya tafi gidan dagaci zai fara ba da haƙuri, dagacin ya ce shi bai san zancen ba, amma a tura masa ya gani. Yanzu shi ma yana da shi a wayarsa. Na san na ƙara jagwalgwala lamarin da hannuna.

Kaka, Ummu Salma ta ce an fito da akwatin kayan da muka kai an ajiye a zaure. Mahaifinta ya ce ran Juma'a zai shiga ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Uwa, in ta sa baki a dawo mana da shi. Ummu Salma ta daina cin abinci.

Bari in gaya miki abin da ya sa na sake rubutu. A wurin aikinmu akwai wata tsohuwa da ta manta sunan 'ya'yanta, ta manta ko ta ci abinci. Jiya aka sa musu fim ɗin mai kabewa. Tun kafin mutumin ya hau katako ta fara dariya, ta juya tana taɓa kujerar da ke gefenta, wadda ba kowa a kai. Abokiyar aikina ta ce da mijinta suka fara kallonsa suna saurayi da budurwa. Ta kuma gaya mini cewa ɗan wasan ya daɗe da mutuwa, tun ba a haife ni ba.

Sai na tuna kin rubuta cewa kina ganinsa kika ajiye tsintar wake. Mutum ba ya ajiye aiki don baƙo, sai don wanda ya sani. Ni kuma ban tambaye ki ba. Ki yafe mini.

Na kwance rabi: jiki ba baki shi ne Baturen, tunda kin kashe masa murya. Baki ba jiki ya gagare ni. Na ba ki Landan.

Jikanki mai neman afuwa,
Sama'ilu

*

Wa alaikumus salam, Mai Sunan Malam.

Ka ga na mayar maka da sunanka. Lafiyata ƙalau, shirun na fushi ne tsantsa, kuma ka cancanta. Dagaci! Ni da dagaci me ya haɗa mu? Mutumin da ko tarin kirki bai iya ba. Kai da kawunka in aka haɗa hankalinku ba zai cika ludayi ba.

Landan kuma ba na so. Garin da mutane suke faɗawa kududdufi da lema me zan yi da shi? Amma tunda ka sauko, na karɓa, in na gaji da shi in sayar.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya Uwa ta aiko a kira ni. Ka san ta, idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, amma kunnenta yana jin faɗuwar allura. Na ɗauko mayafina na zuwa biki, na ce in faɗa ne a same ni da kyan gani. Na wuce akwatinka a zaure, an ɗora masa buhun taki.

Na tarar da Muntaka a tsaye a ɗakinta, fuska kamar hadari. Bai gaishe ni ba sai da uwar ta ce, “Kai, ba ka ga mutum ba?”

Ya yi tarinsa, ya ɗaga yatsa, ya ce, “Hajiya, ba na son in yanke magana ba ki ji da kunnenki ba. Ga abin da ake yi da ɗanki a gari.” Ya danna waya ya miƙa mata kusa da kunne. Muryata ta fito: “Ihim, ihim. Jama'a, a bi a hankali, ni na san hanya. Wannan kabewar ta wane ce? Ai wannan ba kabewa ba ce, ƙwan zabo ne ya yi girman kai.”

Uwa ta ƙara matso da kunnenta. Ta ce, “Sake sa shi.”

Ya sake. Ya dube ni, wato ga shi an kama ni.

Ta ce, “Sake.”

A na ukun ne ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun muna zuwa ɗiban ruwa. Tana dariya hawaye yana bin kumatunta, ta laluba ta kamo hannuna, ta ce, “Juwai, Allah ya shirye ki. Har da ƙwan zabon kika riƙe?”

Muntaka ya ce, “Hajiya, ni ake zagi kina dariya?”

Ta ce, “Kai? Wa ya ce da kai ake? Kai ka isa? Zauna, dogon banza. Wannan mahaifinka ne.”

Ka ga abin da na ce maka ba ya faɗuwa a bakina. Ni in shiga zauren mutum in ce masa ba da kai nake ba, da ubanka nake? Sai dai uwar da ta haife shi.

Muntaka ya zauna a bakin gado. Ka sani ko ba ka sani ba, mahaifinsa, Sarkin Noma, ya rasu Muntaka yana goye. Ba hoto, ba komai. Uwa kuwa mace ce mai kunya, ba ta taɓa zama ta ce wa ɗanta ga yadda mijinta yake magana ba. Sai ranar ta ba shi labari, ni ina cike mata inda ta manta.

Muna 'yan mata majigi ya zo garinmu. Mota ce da farin ƙyalle da lasifika, a kafa a filin kasuwa, a nuna yadda ake shuka gyaɗa da yadda ake rigakafi, a ƙarshe a sa na ban dariya don kada mutane su watse. Akwai mai bayani da yake zama a cikin motar, ba a ganinsa, sai dai muryarsa. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Dabararsa ita ce ya riga mota isowa gari, ya zauna a majalisa ya sha fura, ya saurari yadda manya suke magana. In an sa fim sai ya raba wa Turawa muryoyin mutanen gari. Ranar ya ba wa mai tumbin muryar Sarkin Noma. Da Bature ya faɗa ruwa, Sarkin Noma ya yi dariya har rawaninsa ya warware, ya tashi ya ce a fito masa da ɗan banzan da ke cikin motar nan. Aka fito da wani siriri, ya ɗauka duka zai sha. Sarkin Noma ya ba shi zakara, ya ce gobe ma a sake, kuma kada a rage tarin.

Muntaka ya juyo ya dube ni. Can ya ce, “Inna Juwai, haka yake magana?” Ka ji, na koma Inna.

Na ce, “Haka. Sai dai nasa tarin ya fi naka kauri, kai naka na gado ne, bai gama nuna ba.”

Ya ce, “A bi a hankali ɗin ma?”

Uwa ta ce, “Ranar da ka fara faɗarta a tsakar gidan nan sai da na shiga ɗaki na zauna.”

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce, “In ba damuwa, a ƙara yi mini. Ba ta waya ba.”

Na gyara zama na yi masa tun daga gasar kabewa har kududdufi. Bai yi dariya ba, kallon bakina kawai yake. Sai da na zo inda Bature ya fito da ganye a ka yana cewa, “Da ma na shiga ne in duba zurfinsa,” sannan ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya sa hannun riga yana goge ido.

Da zan fito na ce a sauke buhun taki daga kan akwatin jikana, ba jaki ba ne. Shi da kansa ya sauke. An sa rana, sati biyu bayan Babbar Salla. Ummu Salma ta cinye kwanon tuwo a gabana. Shekaranjiya kuma, in ji kawunka, wani ya sake yi wa Muntaka ihun “ni na san hanya” a fadama, shi kuwa ya tsaya ya ɗaga yatsa ya ce, “Gadona ne, in kana da naka ka fito da shi.”

Kada ka ɗauka ka fita. Tararka bargo mai nauyi da turare, da wani katin, marasa launi, masu launin ba su iya faɗuwa ba. Tsohuwar nan ta wurin aikinku kuma, in an sa musu fim, ka daina tsayawa a kanta kamar dogari. Ka zauna nesa, ka bar mata kujerar gefenta.

Saura gari da na ci. Siririn da aka fito da shi daga mota, da zakara a hammata ya zo ya tambayi sunana. Shekara da shekaru in muna ɓarar gyaɗa sai ya yi mini fim ɗin nan da baki, ba ƙyalle ba lasifika, har na haddace. Ban taɓa zaton zan sake ganin mai lemar ba sai da katinka ya zo. Ni ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba.

Jiki ba baki Baturen ne, ka faɗa daidai. Baki ba jiki kakanka ne, wanda kake ɗauke da sunansa.

Kakarka,
Juwairiyya